Leda ta Talatin da Bakwai

Ƙarfe biyu na dare. Firiji na gurnani,
ruwan Kumasi na dukan kwanon rufi.
Ni kaɗai ce da leda arba'in da ɗaya,
kowace da jinin mutum a kwance,
ja wur, shiru, ba ta jin kowane yare.

A bene, gado na tara, akwai Tanimu,
shekara sha ɗaya, mai amosanin jini.
Tun yana rarrafe ake masa ƙari
har jikinsa ya koyi tuhumar baƙo.
Rukuninsu ɗaya da uwarsa. Na gwada, ya ƙi.
Kawunsa ya zo daga Aboabo, hannun riga a naɗe,
ya ƙi.
Samarin Zango sun ciko mota bayan Juma'a,
na ɗiga, na jira, na duba:
kowanne ya tsinke kamar madarar da tsami ya taɓa.

Kawun ya tare ni a bakin ƙofa:
"Malama Barira, ba an ce ɗan'uwa rabin jiki ba?"
Na ce, "Alhaji, kama da wane ba ta wane."
Bai gamsu ba. Ni ma bakina kawai ya faɗa.

Yaya zan gaya masa
cewa bayan manyan baƙaƙen da kowa ya sani
akwai ƙananan shaidu a bayan ƙwayar jini,
irin ɗigon shunin da kakana ke yi wa huhun goro
don ya gane nasa a cikin dubu?
Wani yana da ɗigon, wani babu.
Jikin Tanimu ya haddace shi,
ko a duhu ya gan shi sai ya zare wuƙa.

Akwai wata takarda a aljihun tebur,
shayi ya ɓata mata gefe.
Can Kashmir, inda ƙanƙara ke rufe duwatsu,
wasu sun zauna kamar yadda na zauna
suna ƙirga masu ba da jini:
cikin ɗari, nawa ke da shaidar, nawa ba su da ita.
Ban san ko suna hura wa yatsunsu iska ba
kafin su riƙe kwalba.
Na dai san lissafin kan dutse
ba zai auna mini mutanen kurmi ba.
Sai na sayi littafi mai layi a Kejetiya,
na soma namu.

Talatin da huɗu, gudaji.
Talatin da biyar, gudaji.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari ya kama.
Talatin da shida.

Talatin da bakwai ta kwanta sumul.
Na karkata gilashin, na girgiza, na ƙara haske.
Na sake daga farko, don ido mai jin barci maƙaryaci ne.
Sumul.

Na juya katin:
Agyeiwaa Boakye, mai sayar da bandar kifi,
ta bayar ran Lahadi a harabar cocinsu,
aka sallame ta da kofin koko da biskit biyu.
Wataƙila ta taɓa cin kasuwa da uwar Tanimu,
sun yi musu a kan canjin sidi ɗaya,
kowace ta tafi tana ƙunƙuni da yarenta.

Na hau benen da ledar a ƙirji
don sanyinta ya ɗan karye.
Uwar na barci a zaune, carbi ya zame mata.
Ban tashe ta ba.

Da ladanin Asawase ya soma gyaran murya
na dawo na buɗe littafi:
ɗaya cikin arba'in da ɗaya.
Wannan ledar makonni kawai za ta riƙe shi.
Sai na kwafe lambar wayar mai kifi
a shafi, a bango, a bayan hannuna,
ina ta juya gaisuwar Asante a baki
don kar in kira ta in rasa ta inda zan fara.